Turancin Allo: Kalma a Hannu, Ma'ana Sai Gobe

Mu 'yan Scrabble na unguwa muna da wani Turanci namu na musamman, wanda ba a cinikin tumatir da shi, ba a neman aiki da shi, ba a kuma zuwa zance da shi, amma a kansa mukan raba dare a teburin mai shayi, sauro na cizo, uwargida na ta bugo waya, mu kuwa ido na kan allo. Duk wanda ya taɓa zama da mu, ko a ofishin malamai bayan an tashi, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, ko a ƙofar gida bayan Isha'i, ya san Turancin da nake nufi. Kada kowa ya sunkuyar da kai, duk kanwar ja ce.

Babbar al'adarmu ita ce haddace kalma ba tare da tambayar ma'anarta ba. Mutum zai haɗa Q da I a gidan da ke ninka maki sau uku, ya gyara zaman hula, ya ce a rubuta masa 33. Ka ce, "Malam, mene ne kuma QI?" Ya ce, "Tana cikin ƙamus." Ka ce, "Na ji, me take nufi?" Ya ce, "Alhaji, wasa muke yi ko jarrabawa?" Shi ke nan an wuce wurin, don mai tambayar ma yana da irinta goma a aljihu. Alhali kalmomin nan kowace da labarinta mai daɗi. QI daga Sinanci ta shigo, ƙarfin rai ne da masu maganin gargajiyar Sin ke cewa yana zagaya jiki. XU ƙaramin kuɗi ne da aka yi amfani da shi a dā a ƙasar Biyetnam. AA wani dutse ne mai kaushi da aman wuta ke bari idan ya huce, sunan daga tsibirin Hawai ya fito. JO kuwa masoyi ne a bakin mutanen Sikotland, ga shi muna ta jefa ta a allo fuska a murtuke.

Akwai ma waɗanda muke ajiyewa da ƙarfin gwiwa don sun yi kama da 'yan gida: ZO, ZA, KA, BA, KO, TA. Duk halal ne a wasan, sai dai ZO ɗin tasu dabba ce ta tsaunukan Tibet, ZA gutsuren sunan abincin Italiya ne, KA da BA kuma ruhi ne a aƙidar Misirawan dā. Da yake baki ya saba, sai zuciya ta yi faɗi, wani ya lallaɓa ya jera TUWO yana kallon gefe. Nan majalisa za ta kaure. Shi zai ce ai NAIRA da KOBO sun shiga, me tuwo ya yi? Wani mai bin labarai ya tuna mana cewa a 2020 ƙamus na Oxford ya karɓi Kannywood. Sai dattijon wurin ya ɗaga hannu ya ce alƙalin wannan wasa jerin kalmomin Collins ne, kuma sunan da ake farawa da babban baƙi ba ya hawa allo. Duk wannan shari'a ta Turanci da Hausa zalla muke yin ta, da rantsuwa da tafa hannu, ba wanda ya taɓa jin abin ya yi masa banbaraƙwai.

Ga kuma kwaɗayi, wanda aka ce mabuɗin wahala ne. Wanda ya ƙirƙiro wasan a 1938, wani mai zanen gine-gine Ba'amurke, Alfred Butts, sai da ya zauna ya ƙirga yadda haruffa ke yawan fitowa a jarida, ya ba E guda 12 masu maki ɗaya-ɗaya, ya ba Q da Z guda ɗaiɗai masu maki 10, J da X masu 8. To mu da Q ta faɗo hannunmu sai mu rungume ta muna jiran U har wasa ya ƙare, a ƙarshe a zare mana goman daga makinmu, mu ce ƙaddara ce. Q da X ɗin nan da muke mutuwa a kansu ko a abacadar Hausa babu su. S guda huɗu ne kacal a jaka, marasa rubutu biyu, kowa na ɓoyon nasa yana addu'ar ranar da zai zubar da haruffa bakwai a tashi ɗaya ya kwashi garaɓasar maki 50. Idan ranar ta zo, har mai shayi sai ya ji labari, har wanda ya tafi Abuja sai an buga masa waya.

Kayan wasanmu ma abin kallo ne. Haruffa 100 ake sayarwa, amma ba gidan da suka cika. Ɗaya ta bi kwata, ɗaya yaro ya yi wasa da ita, sai a yanko kwalin sukari a rubuta R da biro, kowa kuma in ya zura hannu a jaka ya san laushinta, ya kauce mata ko ya cafko ta gwargwadon buƙata. Ƙamus ɗinmu ba bango, shafukan farko sun tafi, don haka duk kalmar da ta fara da A sai dai a yarda da mutuncin mai ita. Yanzu waya ta shigo, yaran suna duba kalma kafin ka ƙifta ido, karen bana shi ke maganin zomon bana, sai dai hannun da ya daɗe ƙarƙashin tebur muna lura da shi. Da P da F, da B da V, har gobe suna haɗa aminai faɗa, don yadda baki ya furta haka hannu ke jerawa.

Masu cike gurbin kalmomi a bayan jarida ma 'yan'uwanmu ne. Su ne ke tsayawa wurin mai jarida su cike ta wani da biro, in ta gagara su jira amsar gobe su kwafa, su ajiye a inda baƙo zai gani. Da wasan Wordle ya fito a 2021, na cankar kalma mai harafi biyar a gwaji shida, sai aka koma turo korayen akwatuna a WhatsApp tun kafin a karya kumallo.

In wani ya ce ɓata lokaci muke yi, muna da amsa. A 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble. 'Yan wasan Nijeriya sun yi suna da gajerun kalmomi masu toshe wa abokin karawa hanya, ɗan hakin da ka raina ke nan. A shekarar ce kuma Nigel Richards na New Zealand ya ci gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, haddace kalmomin kawai ya yi. Mu da muka tashi da allo da tawada, hadda ba baƙuwarmu ba ce, kuma da yawanmu a kan wannan tebur muka gyara rubutun Turancin da aji ya kasa gyara mana.

Abin da ke ci mini rai shi ne ba mu da irin wannan allo da harshenmu, ga kalmomi jibge. Ƙamus na Bargery yana nan tun 1934, Jami'ar Bayero ta fitar da nata a 2006, alƙali dai ba a rasa ba. Malaman Hausa, ku ƙirga mana haruffan, ku faɗa mana A nawa za a zuba, maki nawa za a ba Ɓ da Ɗ da Ƙ. Kafintocin unguwa, ku yanka mana katakon. Mu kuma mun yi alkawarin kawo tabarma da musu.