Baƙin da Suka Ƙi Masaukina

Kafinta ya ga ta kansa kafin ya gama min akwatin zuma irin na Kenya. Na tsaya a kansa sai da kowane katakon sama ya fito da faɗin milimita 32, don da wannan tazarar ƙudan zumarmu na Afirka ke jera saƙarsu. Na narka kaki na shafe cikin, na goge shi da ciyawar shayin nan mai ƙamshin lemun tsami, wadda ƙamshinta ya yi kusa da wanda ƙudan ke fitarwa in suna kiran 'yan'uwansu gida. Ƙafafun teburin da na ɗora shi a kai kuwa na tsoma su cikin gwangwanayen baƙin mai saboda cinnaka. Sai na zauna jiran baƙi.

Ƙadangare ne ya fara tarewa. Bayansa rina.

Akwai wani tsoho a unguwarmu da tun ina yaro yake rataye amya a kan ɗorawa, ta ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu a turara. Ya zo ya zagaya akwatina, ya ƙwanƙwasa murfin, ya ce, "Yaro, aiki ya yi kyau. Sai dai zuma ba ta san kafinta ba."

Wata Juma'a bayan kaka, na dawo daga masallaci ke nan ina ta zuba ƙamshin turare, yara suka rugo: "Baba, ga zuma a mangwaron maƙwabta!" Ga su nan kuwa a dunƙule, kamar an rataye tulu a reshe. In amya ta cika, tsohuwar sarauniya kan fice da kusan rabin jama'arta, su yada zango a bishiya, 'yan leƙen asiri su bazu neman gida. A wannan halin cikinsu cike yake da zuma, ba su da gidan da za su kare, shi ya sa masana suke cewa ba su cika harbi ba. Wannan "ba su cika" ɗin na riƙe gam.

Na yafa gidan sauro a kan malafa, na ari safar robar da uwargida ke wanki da ita, na ɗora baƙar rigar sanyi, kalar da ƙudan zuma suka fi tsana a duniya. Na hau tsani da kwali. Dabarar ita ce ka tara kwalin a ƙasa, ka girgiza reshen da ƙarfi sau ɗaya. Na girgiza. Rabi suka faɗa kwali, rabi suka zubo min a ka. Ɗaya ta samu kafa ta shigo gidan sauron, muka haɗa ido. Na kai mata mari. To, ƙudan zuma in an murƙushe ta, wani wari take saki mai kama da na ayaba, wanda a wajen sauran kiran yaƙi ne. Yara sun rantse ban taka tsanin ba wajen saukowa. Akuyar maƙwabta ma sai da ta tsinke igiya.

Uwargida ta dubi fuskata ta ce, "Malam, da wa zan yi magana, kai ko leɓen?"

Duk da haka da magariba na juye na cikin kwalin a akwati, na kwanta ina lissafin kwalabe. Gari na wayewa na leƙa, ba ko ɗaya.

Tsohon ya ce, "Sarauniyar ta shiga kwalin?"

Na ce, "Baba, ba mu samu zama mun gaisa ba."

Ya yi dariya har da tari. In ba ta ciki, ko gidan zinariya ka ba su, komawa wajenta za su yi.

Ba a jima ba yara suka gano inda suka tare: tsohuwar randar uwargida mai tsaga, wadda ke kife a bayan madafi, wadda na daɗe ina cewa a jefar. Yanzu shige da fice suke ta tsagar, ƙafafunsu ɗauke da garin fure. Uwargida ta ce randar cikin kayan aurenta take, saboda haka baƙin nata ne. Ta yi alkawarin in an sha zumar za ta sayar min da kwalba ɗaya, a farashin kasuwa.