Iyayen Gidan Kiɗa Daga Ruma Zuwa Runka

Ka zaga Batsari da Ruma, ka gangara Safana da Runka, za ka ga allon mai gyaran waya, da na tela, da na mai maganin basir, amma ba za ka ga wanda aka rubuta ana koyar da kiɗa ba. Duk da haka makaɗa ba su ƙare ba, ashe ke nan akwai masu koyarwa. Abin da ya sa ba su kafa allo shi ne, a wajenmu ba a ɗaukar malamin kiɗa, ubangida ake yi. Wanda ka damƙa wa yaro zai ba shi hannu, ya ba shi baki, sannan ya haɗa masa da halinsa a matsayin gyara. Don haka kafin ka ja hannun ɗanka, ko kai da kanka ka tashi neman sana'ar da tsufanka, gara ka san waɗanda ke jiranka.

Ɗan gado za ka fara cin karo da shi, zaune gindin bedi yana ɗaure tsarkiyar kalangu. Bai gama amsa sallamarka ba zai dubi yaron ya ce, "Ɗan gidan wa ne?" In ka ce kaf zuriyarku babu wanda ya taɓa rataya ganga, sai ya aje abin da ke hannunsa ya dube ka da tausayi: "To Alhaji, mi ya yi zahi?" Shi a wurinsa kiɗa jini ne, kuma yana da hujja. Zai kawo maka Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya tashi a gaban mahaifinsa Usman Ɗankwanda, ya yi wa yayansa Kurna amshi shekara da shekaru kafin ya ja ragama, bayansa kuma 'ya'yansa suka ɗauka. In ka nace, zai karɓi yaron. Shekarar farko darasin ɗaukar kaya ne. Da damina ta faɗi, darasi ya koma gonar maigida, yaro ya ƙware a noman gero. In ya yi ladabi, wata rana a wani gidan biki sai a miƙa masa kuntukuru, ya yi ta buga abu ɗaya daga la'asar har sha biyun dare. Ba a yi masa bayani. In ya kuskure, sandar kiɗan nan mai lanƙwasa ce za ta sauka a tsakar kansa, hannun maigida kuma ya koma kan fata ba tare da kiɗan ya yanke ba.

Gaskiya ɗaya, yaron da ya jure wannan bawan Allah yana fitowa da hannu. Zai san yadda ake matse tsarkiya a hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka, har kalangu ta faɗi sunan mutum da na kakansa. Zai haddace taken kowane mahauci a kasuwa, don asali kalangu tasu ce, ya san wane gida ake yi wa wane kirari da wanda in ka yi masa za ka kwana da kumburin baki. Matsalar ita ce ranar yaye ba ta zuwa. Za ka ga mutum da furfura a gemu, yana da surukai, har yanzu maigida na cewa, "Yaron nan da saura."

Sai wanda ya yi wa Shata amshi. Alhaji Mamman Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, aka rufe shi a Daura, amma tun daga ranar 'yan amshinsa sai ƙaruwa suke yi. Da duk masu wannan iƙirari sun bi shi da gaske, da tirela zai riƙa zuwa wasa. Akwai ma wanda in ka lissafa shekarunsa, lokacin rasuwar ko kaciya ba a yi masa ba. Darasinsa labari ne: yadda suka kwana Funtuwa, abin da aka ci a Bakori, motar da Shatan ya so ya ba shi mahassada suka shiga tsakani. Yaro zai dawo gida da tarihi cike da baki, hannu kuwa fayau. In ka yi ƙorafi sai ya tuna maka cewa Shatan kansa, haifaffen Musawa, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. "Dokta ma ba wanda ya koya mashi," in ji shi, yana miƙo hannu a ba shi kuɗin wata.

Mai goge kuwa ba ya fara magana sai ya rage murya ya waiwaya. Kayan aikinsa ba wani abin ɓoyo a ciki: ƙoƙo ne aka rufe da fatar guza, aka ɗaura masa tsagiyar doki, ana goga wa bakan ƙaro don ya kama. Wahalar goge ita ce babu wata alama da za ta nuna wa yatsa inda zai sauka, kunne ne kawai jagora, kunne kuwa sai an daɗe ana ba shi. Maimakon ya faɗa maka haka, sai ya ce sai mutanen ɓoye sun amince da yaron. A kawo baƙin zakara, da zuma, da turare. Da magariba in ka bi ta bayan gidansa, ƙamshin amincewar zai tarbe ka daga tukunyar uwargida. Shi ne kuma mai laƙanin murya, wanda in ka kwance ƙullin za ka tarar da citta da kanumfari. Kafin a kai ga zakara na biyu dai uwar yaro ta ji labari, karatu ya ƙare.

Yaran yanzu duk ba waɗannan suke so ba, situdiyo suke so. Shago ne ɗan ƙarami a bakin titi, an manna soso da kwalin ƙwai a bango, ga fiyano Yamaha, ga kwamfuta mai tsagaggen gilashi, ga janareta a ƙofa an ɗaure shi da sarƙa. Mai wurin ba ya amsa Malam, sai Oga ko Furodusa. Abin da zai fara karɓa kuɗin mai ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tsawon darasi ya koma daidai da tsawon ran lita guda. Ana tsakiyar baiti janareta zai yi tari, Oga ya ce a haɗu gobe. In ka ce masa kana shakkar muryar yaron, dariya zai yi: "Baba, murya ba matsala ba ce, na'ura za ta gyara." Tana kuwa gyarawa. Ɗanka, da ɗiyar maƙwabta, da mai shayin ƙofar shagon, duk za su fito da murya iri ɗaya, siririya, kamar sauro ya faɗa gwangwani. Yaro zai koyi maɓallin da in an danna kalangu ke fita, har ya ɗauka a cikin fiyano aka haife ta. Burin Oga da ɗalibansa ɗaya ne, su zama Dauda Kahutu Rarara, tunda ga shi ɗan jihar Katsina ne, daga Ɗanja ya fito. Da kakar zaɓe ta kama sai a kwana ana yi wa ɗan takarar kansila waƙa, a kan alkawarin biya in an ci. In an faɗi, waƙar na nan a kwamfuta, sai a cire suna a sa na wanda ya ci.

Ɗan bautar ƙasa da aka turo sakandare shi kaɗai ne zai ja layi biyar a allo ya ce do, re, mi. Yana da ilimin, sai dai rabin hankalinsa na kan takardar neman a mayar da shi Katsina ko Dutsin-ma, don tun a mota aka cika masa kunne da labarin 'yan bindigar dajin Rugu. Wanda ya daure ya koya wa yara taken ƙasa da gangar fareti, yana tafiya aka sauya taken a 2024.

Akwai wanda in ka kira shi malamin waƙa sai ya yi fushi, alhali a gyaran murya babu kamarsa: malamin Islamiyya. Shi ke koya wa yaro inda zai ja numfashi, da yadda zai fitar da harafi daga maƙogwaro, da tsayuwa gaban jama'a ranar saukar karatu ba tare da gwiwa ta yi rawa ba. Da yawa daga masu cika situdiyo a hannunsa suka fara buɗe baki. In ya ji muryar tsohon ɗalibinsa a wayar wani tana kiran masoyiya, sai ya yi a'uziyya, amma in ka lura za ka ga ya ɗan tsaya ya ji ko yaron ya ja maddar daidai.

In ɗiya mace ce, Gwaggo mai ƙwarya na nan. Ba ta ɗaukar ɗalibai, sai dai yarinya ta zauna kusa da ita a gidan biki, ga ƙwarya an kifa cikin ruwa, ga wasu a kife a ƙasa, ta yi ta amshi har hannunta ya faɗa. Haka amada ta yi ta wucewa hannu zuwa hannu har ta kai ga irin su Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ladan Gwaggo alkaki ne da turmin atamfa in an samu. Abin tsoron shi ne habaici, don shi yarinya ke fara ɗauka, kuma a kan kishiyar uwarta za ta fara gwada shi, tana wanke-wanke.

Waya ita ce malamin da ya fi araha, ba ta duka, ba ta aike. Sai dai a watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa saboda 'yan bindiga a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, ɗalibanta suka wayi gari malami ya yi ɓatan dabo. Wannan ɓarnar ta 'yan bindiga ba waya kaɗai ta taɓa ba. Gangar noma gayya take bi, gayya kuwa sai gona ta shigu. Wasan dare ya ja baya a ƙauyuka da yawa, makaɗa da dama sun bi jama'arsu zuwa cikin gari, kuma a dandalin nan da ya yi shiru ne yara ke fara koyon kiɗa ba tare da an kai su ba.

Ni dai in za a bi ta tawa, kada a nemi wanda ya fi suna. A nemi tsohon ɗan amshin nan da ba a san shi ba, wanda ya shekara talatin yana sauraron kuskuren maigida yana rufe masa. A tambayi ina yaran da suka bi ta hannunsa suke, a kuma je gidan biki a ga yadda yake raba kuɗin liƙi bayan an tashi, a fili ko a bayan mota.

Su ma iyayen gidan suna da nasu lissafin a kanmu. Wanda suka fi jin tsoro shi ne uban da zai zo da babbar riga ya zayyana buƙatunsa: yana son yaro ya yi muryar Shata, ya yi kuɗin Rarara, ya ƙware kafin babbar Salla, kada ya yi dare, kada ya bi mahauta, kuma ko da wasa kada wani ya kira shi maroƙi, don akwai gidan da ake so ya nemi aure. Sarkin Kiɗa zai saurare shi har ƙarshe, ya ɓantari goro, ya ce, "Ranka shi daɗe, kai shi wurin mai walda. Can ma ana bugu."