Za Mu Tiga, Allah Ya Kai Mu

Wata sabuwar ɗabi'a ta shigo wa 'yan bokon Kano: kwana a daji don nishaɗi. Kakanni sun yi gumi sun gina ɗaki don su tsira daga sauro da raɓa, jikoki kuma suna tara kuɗi su sayi tanti su koma inda aka baro.

A WhatsApp ake ƙulla abin. Wani ya ga hoton Bature a bakin tafki da jaka a baya, sai ya ce, "Mu ma ai muna da Tiga." Da gaskiyarsa. Dam ɗin na nan tun 1974, aikin zamanin Audu Bako, ga ruwa iya ganinka, ga duwatsun Rurum. Nan take kowa ya ce da shi za a yi. Ba a tsayar da rana ba, amma har an naɗa shugaba da sakatare da ma'aji. Ana ambatar karo-karo, rabin jama'a wayarsu ta lalace.

Sai gardamar wuri. Wani ya ce Yankari ta fi, ga ruwan ɗumin Wikki. Aka tuna masa birai masu wafce abinci a hannun baƙi, ya ja bakinsa. Wani ya ce Maladumba ta Misau, aka ce mai ya yi tsada. Ɗan Maraɗi ya kawo Madarumfa, aka tambaye shi nawa ake canjin sefa. Aka dawo Tiga.

Ranar tafiya ake ganin ikon Allah. Bature kan rage kaya har ya yanke mariƙin buroshi don jaka ta yi sauƙi. Namu kuwa janareta, katifa, fanka, tukunyar gas, kuloli na dafa-duka, da buhunan ruwan leda, alhali wurin ruwa za a je. Akori-kura na tsayawa a ƙofar gida maƙwabta suka fito: "Allah ya sa alheri, wace unguwa aka koma?" Hajiya kuwa tambaya ɗaya ta yi: "Kai ɗan nan, me aka yi maka a gida?"

Hawan dutse bai kai rabi ba aka zube ana haki, kowa da sabon takalmi da sandar kanti. Wani Bafulatani da ke tafe da shanunsa tun asuba ya tsaya cikin tausayi: "Sannunku bayin Allah, mota ce ta lalace?"

Da magariba kwaɗi suka fara, wani abu ya motsa a ciyawa. Nan shugaba ya tuna yana da ɗaurin aure da sassafe, sakatare ya tuna bai kulle shago ba. Sallar isha'i a titin Zariya aka yi ta.

Hotuna dai sun yi wata uku suna yawo, ana yi mana wa'azi a kan kwanciyar hankalin daji. Cikin tawagar kaf, ma'aji ne kaɗai ya shiga daji da gaske, don tun ranar da aka nemi lissafi ba a sake ganinsa ba.