Muzurun Gidanmu Yana Sa Hula

Tun da nake ban taɓa yanka kaza ba. Wannan ba magana ce ta faɗa a majalisa ba, balle a Maigatari, garin da duk ranar Alhamis ƙurar kara ke rufe ido, shanu da raƙuma da tumaki daga Nijar da Chadi suna jiran tirelolin da za su kwashe su zuwa kudu. A ce mutum ya girma yana kallon dillalai na tafa hannu a kan bijimi, sannan a miƙa masa wuƙa da 'yar sagara ya ce hannunsa na rawa? To, ni ne. Ranar da za a yi baƙi, almajirin gidanmu ake kira, ni kuwa sai in tuna ana jirana a bakin titi. An ce sabo da kaza ba ya hana yanka. Ni ya hana ni, har romon ya hana ni sha. Na daɗe ina ɗaukar wannan wata baiwa ce ta tausayi da Allah ya keɓe ni da ita, ina yi wa sauran maza kallon masu busasshiyar zuciya. Tsiren bakin tasha kam ba na ɗaga masa ƙafa, tunda ban san saniyar ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne ƙwai.

Kajin gidanmu na uwargida ne, bakwai da zakara ɗaya. Ita ke ba su dusa da tsakin gero, ita ke canza musu ruwa a kasko, ita ke ƙirga su da magariba kafin ta toshe akurki. Akwai wata wake-wake a cikinsu da ta ƙi akurki, ta zaɓi fasasshen tulu a ƙarƙashin rumbu. Da hantsi, in ta sauke nauyinta, sai ta fito tana kyarkyara kamar wadda ta ci zaɓe. Wannan kyarkyarar ita ce ajalina. Sai in ga ƙafafuna sun kai ni bayan rumbu da buta a hannu, wai alwalar walaha. In durƙusa, in zura hannu cikin tulun, in ji shi da ɗuminsa, wani lokacin da ɗan gashi manne a ɓawon. Aljihu ba wurin ajiyar ƙwai ba ne, na taɓa gwadawa, kaftanina fari ya ba da shaida. Saboda haka a hula nake sa shi, in kifa a ka, in fita ina tafiyar amarya.

Mai shayin unguwarmu ba ya tambaya da yawa. "Malam, na gida ne yau ma?" Ya fasa a kofi, ya yanka albasa da attaruhu, ya kaɗa, ya juye a mai. Gwaiduwar kazar Hausa ja ce kamar ganda, ba irin fatalwar nan ta ƙwan kiret ba. In tura ta cikin burodi, in kora da shayi, in goge baki. Kaza ma haka take yi.

A gida kuwa an ɗora wa muzuru laifin ɓatan ƙwan. Ba ni na fara kawo sunansa ba, amma da aka ambace shi ban ce a'a ba. Har nuna wa uwargida na yi ta inda nake zaton yake haurowa. Aka sa yara suka saro ƙaya aka jera a kan katanga, aka zargi guza, aka zargi gafiya, kyanwar maƙwabta ta sha jifa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Ni ina kan tabarma ina cewa Allah ya tona asirin azzalumi.

Ana haka ɗan ƙanwata ya dawo hutun babbar salla daga Indiya, inda yake karatun harhaɗa magunguna. Ya ga na ture kwanon farfesun kaza, ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai kai saura ƙiris ka zama ɗan bigan." Na ce su wane ne kuma haka? Ya ce mutane ne da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba nono, ba zuma, ba ƙwai. Wani Bature mai suna Donald Watson ne ya raɗa musu sunan a Ingila a 1944. Na ce masa ya daina ba Turawa abin da ba nasu ba, domin Abul Ala'il Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya yi shekaru masu yawa bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, har wani malamin zamaninsa ya yi ta aika masa da wasiƙun tuhuma. Na faɗi haka ne don yaron ya san kawunsa ma ya zauna gaban malamai.

Sai ya ce ai a tsakaninsu ma akwai saɓani, kuma a kan ƙwai ne. Nan na gyara zama. Masu tsanani sun ce kazar daji ta ƙasashen Asiya, wadda duk kajin duniya suka fito daga tsatsonta, ƙwai goma zuwa goma sha biyar take yi a shekara. Ta gidan gona an juya halittarta har tana yin kusan 300, kuma sinadarin da ke gina ɓawon daga ƙashinta ake zaftarsa, shi ya sa take karyewa tun ba ta tsufa ba. 'Yan tsaki maza kuwa, tunda ba za su yi ƙwai ba, ranar da aka ƙyanƙyashe su ake hallaka su, abin da Jamus ta haramta daga farkon 2022. Ko kazar da ke bayan gidanka ce, in ji su, ƙwanta nata ne, wasu har dafawa suke yi su mayar mata ta ci. Masu sassauci kuma suka ce in kaza tana yawonta a tsakar gida, ta ci ta ƙoshi, ba mai niyyar yanka ta, babu kuma zakara kusa, to ƙwan da ta yar ruɓewa zai yi, ɗaukarsa bai cuci kowa ba.

Ban bari ya rufe baki ba na shiga mazhabar masu sassauci. Wa ya kai kajinmu jin daɗi? Ga rana, ga turɓayar wanka, ga gara a gindin zana. Ƙwai ɗaya a rana ai kuɗin haya ne. Zancen zakara kuwa na yi kamar ban ji ba, alhali namu yana kan turmi yana cara.

Kuskurena shi ne na kai wannan ilimi gaban uwargida, wai ina ba ta labarin duniya. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba, ta ce, "Malam, su waɗannan mutanen, kajin nasu ne ko na matansu?" Daga nan ta yi mini lissafin da duk macen karkara daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar ta haddace. Kazar Hausa ba inji ba ce. Takan tara goma sha wani abu, ta kwanta a kai kwana 21, ta fito da 'ya'ya, shirwa ta ɗauki rabonta, sanyin hunturu ya zo da annobarsa ya ɗauki nasa. Abin da ya tsira shi ne sabulu, shi ne gudunmawar biki, shi ne in an tara a sayi akuya. Da damina ta sayo ƙwan zabi ta sa wa kazar, ta yi wajen mako huɗu a kai. Ta tuna mini lokacin da aka rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020, ni da nake 'yar kamashona a cinikin zoɓo da riɗi na koma zaman kashe wando. Wa ya riƙe cefane? Zakarun da ta riƙa aikawa kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowannensu da ƙwai ne a cikin tulu.

Addini bai hana ni cin ƙwai ba, wannan ko yaro ya sani. Amma duk karatun da na yi taƙama da shi gaban ɗan ƙanwata bai rasa babin da ke cewa dukiyar mace tata ce, ba ta halatta ga miji sai da daɗin ranta. Wannan babin na tsallake, na tafi Ingila neman fatawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Muna yara ba a ba mu ƙwai, wai yaron da ya saba da shi ɓarawo zai zama. Ma'aikatan lafiya sun yi gaskiya da suke cewa camfi ne, yara sun fi kowa bukatarsa. Sai dai duk ƙasar Gumel in ana neman hujja ɗaya da za ta gaskata tsohuwar, ga ni da furfurata. 'Ya'yana ba su ci ba, kazar ba ta ƙyanƙyashe ba, mai tausayi ya cinye.

Asirin ya tonu wata Laraba, jajibirin kasuwa, teburin mai shayi cike da baƙin fatake. Wake-wake ta riga ta fara kwanci, na lallaɓa na zaro ɗaya daga ƙarƙashinta ban duba ba. Mai shayi ya fasa, sai ga jijiyoyin jini sun yi yaɗo a kan gwaiduwar kamar saiwar gero, da wani ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Ido ne. Wani Buzu da ke gefena ya leƙa kofin, ya dube ni, ya ja rawaninsa ya rufe baki. Ni da ban iya kallon yanka ba. A jikin ɓawon kuma ga zane uku na gawayi, irin wanda uwargida ke yi wa buhunanta.

Da na koma gida na tarar ta ƙirga. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "Malam, muzurun nan dai yana da hankali, ɗaya-ɗaya yake ɗauka, ko ɓawo ba ya bari." Na ce ikon Allah. Ta ce tunda dabba ba ta biyan bashi, sai maigida ya biya mata, kuma ba kuɗin ƙwai ba, kuɗin sagara. Na biya na uku. Na yi alkawari tsakanina da zuciyata, na yi sati biyu ina bi ta ƙofar gaba da hantsi ina toshe kunne.

Shekaranjiya wata baƙa ta fara nata a cikin tsohon kwando. Ita ba ta da haƙurin wake-wake. Da daddare uwargida ta haska bayan hannuna da tocila ta ce me ya same ni. Na ce ƙaya ce.

"Wadda muka sa wa muzuru?"

Na ce ita.