Yadda ake zaɓar caja ba tare da an ƙona labulen gida ba

Bayan kowace Sallah da Kirsimeti, filayen makarantun Barnawa, Narayi da Sabon Tasha sukan cika da motoci masu rimot, yara na tsere, iyayensu maza na karɓar rimot ɗin da sunan za su gwada musu. Mako 2 ba ya cika sai rabin motocin su koma ƙarƙashin gado. Motar lafiyarta lau, caja ce ta kashe batirin.

Don haka wanda zai nufi kasuwar Kakuri neman caja, ya fara kifa motar ya karanta abin da ke jikin batirin. Idan an rubuta NiMH, kowace ƙwaya bolt 1.2 ce, guda 6 su ba da 7.2, kuma batir ne mai haƙuri. Idan LiPo ne, to an haɗu da ɗan sarauta. Ƙwayarsa bolt 3.7 ce, tana cika a 4.2, kuma ko kaɗan ba ta yafe ƙari. Idan aka jona shi da cajar NiMH, sai ya kumbura, wani lokacin har ya kama da wuta. Mai shago zai ce "Alhaji, duk ɗaya ne, bakin ya shiga ai." Bakin fa ya shiga, amma mai saye ya yi godiya ya ƙara gaba.

LiPo yana son caja mai daidaita ƙwayoyi, wadda ke da gurbin ƙaramin farin soket ɗin nan mai siraran wayoyi. Aikinta irin na uwa ne wajen rabon tuwo: ba ta barin wani ya ƙoshi wani na kallo. Wadda aka fi sani ita ce iMAX B6 ta kamfanin SkyRC, kuma saboda farin jininta jabunta sun cika duniya, shi ya sa araha mai yawa abin tsoro ce a nan.

Lissafin ba wuya. Batir mai lamba 5000 a jikinsa, amfiya 5 ake ba shi, ya cika cikin awa ɗaya da 'yan mintoci. Cajar wat 50 za ta ɗauki wannan a batir mai ƙwaya 2, amma a mai ƙwaya 3 sai ta rage gudu, mai tsere ya zauna kallon abokan hamayya.

Sai maganar wuta, wadda mutumin Unguwar Romi ya fi injiniya sani. An kawo, an ɗauke, an dawo da ita ba ƙarfi. A nan B6 ta ciri tuta, domin tana karɓar bolt 11 zuwa 18, wato batirin motar maigida ko na sola ya ishe ta a bakin fili. A dai tuna da safe motar za ta kai yara makaranta.

A zafin Maris da Afrilu, batirin da ya gama tsere sai ya huce kafin a jona shi. Wurin caji kuwa, tsohuwar tukunyar ƙasa da yashi a ciki, a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin man janareta, da babba zaune kusa. Idan hutu ya ƙare za a ajiye motar, a bar kowace ƙwaya a bolt 3.8, a cire batirin daga cikin motar.