Rimot Ɗaya Tilo da Sha'anin Mulkin Falo

A gidan da ke da talabijin da dikoda da na'urar faifai da manyan sifiku, rimot huɗu ne ke aiki, kuma a kowane lokaci uku kawai ake sanin inda suke. Na huɗun yana ƙarƙashin kushin, ko a aljihun auta, ko kuma maƙwabta sun aiko an ara tun Sallar bara. Don magance wannan ne aka ƙera rimot na gama-gari, wanda masu shago ke kira yunibasal, guda ɗaya da zai ba dukan na'urorin falo umarni. Gidaje da yawa sun saye shi ba tare da sanin nauyin abin da suka ɗauko ba, saboda haka ya dace a yi bayaninsa dalla-dalla.

Kafin zuwan rimot, aikin canza tasha na ƙaramin yaron gida ne, kuma yana yin sa da umarni guda: "Kai, tashi ka murɗa." A 1950 kamfanin Zenith na Amurka ya fito da rimot mai doguwar waya, wadda ta riƙa harɗe ƙafafun mutane a tsakar ɗaki. A 1955 injiniyansu Eugene Polley ya ƙera wani maras waya, mai harba haske zuwa kusurwoyin akwatin talabijin guda huɗu. Sai aka lura cewa hasken rana ma yana ba talabijin umarni idan ya faɗo ta taga. A 1956 Robert Adler ya kawo mai aiki da sautin da kunnen mutum ba ya ji, ba ya ma buƙatar batir, amma kacau-kacau ɗin makullai kan iya canza tasha. Wajen 1980 aka koma ga hasken infared, wanda ake amfani da shi har yau. Na gama-gari ya shigo kasuwa a 1985 daga kamfanin Philips, sannan a 1987 Steve Wozniak, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya fitar da nasa mai iya koyon umarni daga wasu rimot. Manyan injiniyoyi sun shafe fiye da shekara 30 suna wannan aiki domin kada magidanci ya tashi daga kujerarsa, kuma wajibi ne a girmama wahalarsu ta hanyar amfani da abin yadda ya kamata.

A hancin rimot akwai wani ɗan ƙwai mai fitar da hasken da ido ba ya gani. Idan an danna maɓalli, ƙwan yakan yi ƙyafta kusan sau 38,000 a daƙiƙa guda, a bisa wani tsari da na'urar ke karantawa. Sony na da nasa tsarin, Philips na da nasa, wasu da dama suna bin na NEC. Shi ya sa rimot ɗin wannan talabijin ba ya motsa wancan. Na gama-gari kuwa an zuba masa tsare-tsaren ɗaruruwan kamfanoni a ƙwaƙwalwa, aikin mai gida shi ne ya sanar da shi wanda zai ɗauka. Hasken nan a miƙe yake tafiya kuma ba ya ratsa jikin mutum. Don haka idan uba ya ce wa ɗansa "Matsa mana, kai gilashi ne?" yana magana ne a kan hujjar kimiyya.

Hanyoyin saita shi uku ne. Ta farko ita ce ta lamba. A cikin kwalin akwai 'yar takarda mai jerin sunayen kamfanoni, kowanne da lambobinsa uku ko huɗu. Za ka riƙe maɓallin saiti har fitila ta kama, ka danna na talabijin, ka shigar da lambar. Wannan hanya ta fi sauƙi, sharaɗinta kawai shi ne a samu takardar kafin a kunna risho da ita.

Ta biyu ita ce ta lalube. Za ka kunna talabijin, ka nuna masa rimot, shi kuma ya riƙa gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har akwatin ya mutu. Da zarar ya mutu sai ka danna maɓallin tabbatarwa nan take, domin jinkirin daƙiƙa biyu zai sa ya wuce zuwa lamba ta gaba, a koma farko. A ƙasarmu akwai ƙarin mataki da takardar ba ta ambata ba: idan talabijin ya mutu, a fara ɗaga kai a dubi fanka. In ita ma tana rage gudu, ba lambar aka samu ba, wuta aka ɗauke.

Ta uku ita ce ta koyo, ga nau'in da ke da wannan baiwa. Ana ajiye tsohon rimot da sabon hanci da hanci, tazarar yatsu biyu ko uku, a danna maɓalli a tsohon, sabon ya haddace. Hanyar tana buƙatar tsohon rimot ya kasance a raye kuma a hannu. Wanda ya sayi sabo saboda tsohon ya ɓace sai ya koma hanya ta biyu, ya nemi wuri ya zauna.

A saman rimot ɗin akwai jerin maɓallai, kowanne da na'urarsa: na talabijin, na dikoda, na faifai, na sifika. Wanda aka danna na ƙarshe, da shi rimot zai ci gaba da magana har a sauya. Mafi yawan ƙorafin "wannan abu jabu ne" daga nan yake tasowa. Magidanci yakan shafe minti biyar yana ƙoƙarin rage ƙarar talabijin, alhali saƙon yana tafiya ne ga na'urar faifan da aka cire daga soket tun bikin ƙanwarsa. Haka kuma a san iyakarsa. Wasu sababbin akwatunan kallo ta intanet da Bluetooth suke aiki, rimot mai haske kaɗai ba zai koyi komai daga rimot ɗinsu ba. Na'urar sanyaya ɗaki ma tana da nata rimot na gama-gari daban.

Akwai al'adu uku da suka shafi kula da rimot. Ta farko duka. Idan ya ƙi aiki akan buga shi a tafin hannu, kuma sau da yawa yakan farfaɗo, domin girgizar tana gyara zaman batir a kan ƙarfensa. Sakamakon na ɗan lokaci ne, kuma yawan duka ne ke karya murfin baya, wanda daga nan ake ɗaure shi da kyauro. Kafin a ɗaga hannu a yi bincike: a nuna hancin rimot ga kyamarar waya a danna maɓalli. Yawancin wayoyi suna nuna hasken, in ta baya ba ta nuna ba a gwada ta gaba. In ya yi ƙyalli, rimot ba shi da laifi. Ta biyu tauna batir don ya ƙara kwana. Wannan haɗari ne, domin ruwan da ke ciki yana ƙona baki. A sayi sababbi biyu tare, kada a haɗa tsoho da sabo, kuma a kafa doka cewa ba a cire su a kai wa tocila ko agogon bango. Ta uku naɗe rimot a leda. Leda mai haske ba ta hana saƙo wucewa, tana kuma kare maɓallai daga man miya. Abin da ke hanawa shi ne ninki uku na salatif a kan hancin da ƙurar shekara biyu.

Babban al'amarin shi ne na mulki. Lokacin da rimot suke huɗu, iko a rarrabe yake. Maigida na riƙe da na dikoda, uwargida na da na sifika, yara sun ɓoye na talabijin, kuma dole a yi shawara kafin a kalli komai. Rimot na gama-gari ya tattara wannan iko duka wuri ɗaya, ya zama sandar girma, wanda ya riƙe shi ya riƙe hoto da sauti da ikon kashewa. Ana ganin tasirin haka da dare, lokacin da ƙwallon Firimiya ta ci karo da Daɗin Kowa a Arewa24, ga kuma yara suna jiran katun. Gida mai hankali yakan zauna ya tsara rabon lokaci tun ranar da aka sayo shi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, tsarin da ya fi kawo zaman lafiya shi ne rimot ya bi girki. Baƙo kuwa, ko da an miƙa masa don karramawa, ladabi shi ne ya karɓa da hannu biyu ya ajiye a kan tebur.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika tunawa ba. Da, in guda ya ɓace, ukun suna nan ana lallaɓawa. Yanzu in ya ɓace, falon gaba ɗaya ya tsaya. Saboda haka kada a zubar da tsofaffin. A cire musu batir don kada ya zubar da ruwa ya cinye ƙarfen, a adana su a durowa, domin wasu ayyuka kamar neman tashoshi a dikoda sukan buƙaci na asali.

Ya kai magidanci, in ka sayo shi yau, ka rubuta lambar da ta yi aiki a 'yar takarda ka liƙa a cikin murfin batir, ka keɓe masa wurin kwana guda wanda hannun auta ba ya kaiwa, sannan ka tara iyalinka ka sanar da su jadawalin riƙewa kafin ƙarfe takwas na dare.