An Gyara Jirgin Kawu, Saura Ya Daina Shan Ruwa

Ranar Talata aka aiko min yaro da takarda, wai kowane magidanci a dangi ya kawo nasa gudummawar, za a yi walimar mayar da jirgin Kawu ruwa, an gama gyara. Na sauka bakin kogi a nan Yawuri don in ga abin da zan biya wa kuɗin shinkafa.

Fenti dai ya sha, kore da fari da ja, har da hoton zaki a goshi. Kawu yana rantsuwa cewa da wannan jirgin aka kwashe kayan Gungawa lokacin da ruwan madatsar Kainji ya taso a 1968. Ban musa ba. Amma tun daga lokacin an canza kowane katako da kowace ƙusa, ɓular da ke ƙasan ce kaɗai ta asali. Ita ba a taɓa ta, kayan gado ce. An dai cusa mata sabon tsumma, an shafe da kwalta, an buga langa-langa a kai.

Na ce, "Kawu, ai har yanzu yana shan ruwa." Ya dube ni da tausayi, ya nuna min galan.

Kun san shi, yankakken galan ɗin nan na kwasar ruwa. To na Kawu shi ma an yi masa fenti, launi ɗaya da jirgin. An ɗaura masa sabuwar igiya kada ya ɓace, an kuma yanka masa mataimaki, ƙarami, saboda ranar kasuwa. A takardar kuɗin gyara yana da layinsa, a saman na katako. Yaron da ke riƙe da shi ya gaji aikin ne daga yayansa, wanda ya yi ritaya da ciwon baya. In aka lissafa abin da gidansu ya kwasa daga cikin jirgin nan ya mayar, kogin Kwara kaf ya ratsa ta hannunsu, wani ruwan ma sun gane shi, ya sha dawowa. Na ji ana shawarar a nema wa galan sarauta. Ni ban ga laifi ba, a cikin ma'aikatan jirgin shi kaɗai ne bai taɓa yajin aiki ba.

Sai inji, tsohon Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda dawakin da suka rage a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Makanike ya ja igiya har hularsa ta faɗi, inji ya yi tari ya kama. Ya leƙa baya ya ce, "Alhaji, ba ya fitsari." Ƙaramar farfelar robar da ke jawo ruwan sanyaya inji ta cinye, in aka yi nisa haka kan zai ƙone. Kawu ya tambayi kuɗin roba, aka faɗa, ya ce, "Goge fulogi dai tukuna." Majalisar 'yan kallo ta goyi bayansa. Mai rake ya ce kafireta ce, wani tela ya ce iska ce ta shiga, wani kuma ya ce a bar shi ya huta, sabon fenti ne bai saba da shi ba. Baƙin man da ake gauraya wa fetur kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 Kawu ya koma auna shi da murfin kwalba, kamar mai ba jinjiri magani.

A nan dariyar ta ƙare min. Warra ba nisa gare ta ba daga nan. A can ne a watan Mayun 2021 jirgi ya rabe a tsakiyar ruwa da mutum fiye da ɗari a ciki, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. A Bagwai ta jihar Kano, cikin Nuwamban shekarar, wani jirgin ya kife, yawancin waɗanda suka tafi 'yan Islamiyya ne. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar kariya. Jirgin Kawu yana da guda biyu, direba na matashin kai da su. In ka yi magana a ce maka kwana ba ya wuce ranarsa, alhali mai faɗin hakan kwaɗo biyu yake garƙama wa shagonsa kullum.

Amma rigimar da ta raba dangi gida biyu ba wannan ba ce, suna ne. Kawu ya zaɓi karin magana a rubuta a gefen jirgi, mai rubutu ya zabga manyan baƙaƙe, KOMAI NISAN JIFA, sai katako ya ƙare. Baffa ya ce a bar shi haka, ragowar ba maganar da fasinja zai so karantawa ba ce yana kan ruwa. Kawu ya ce kuɗin karin magana cikakke ya biya, a zagaya ɗaya gefen a ƙarasa masa. Mai rubutu ya ce ɗaya gefen sabon ciniki ne, kuma jan fenti ya ƙare a wurin zaki.